Nauyin Aro

Daga Kwatano aka koro ta,
fara, gajeruwa, hanci a daɓe kamar ta yi karo da bango.
A ƙofarta akwai rubutu irin sawun kaji a danshi.
Na kai wa malam, na kai wa mushen lakwal,
kowa ya duba ya ce Allah ya sa albarka ce.
Sitiyarinta a dama yake,
in zan wuce babbar mota sai yaro ya leƙa ya ce tafi.
Jikka ɗari tara da gonar gado ta ci
kafin ta ci hanya.

Da kaya ba ta da laifi.
Buhun albasa biyar daga Tamaske,
sai ta zauna daram kamar mai goro a rumfarsa,
ta hau tudu tana nishi, amma ta hau.
Komawa ce magana.
Wofi, ba ta fi ƙwaryar da aka manta a tsakar gida ba.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa ta watse,
gabas ta ɗaure fuska.
Na ce zan riga hadari gida.

Bayan shingen jandarma iska ta fara taɓa ta
kamar mai gwada nunar kankana.
Inda hanya ta karya, sai ta sa kafaɗa.
Ina riƙe mota nan, mota tana son can,
tantin baya ya kumbura ya yi ciki,
ƙafa biyu suka yi sauƙi.
Ba a hannu ake jin wannan ba,
a ƙugu ne, da bayan wuya.
Wata tirela ta wuce, ta tsotse ni, ta tofar.
Kar ka danne birki, in ji Arzika makaniki,
saki mai kamar kana ajiye ƙwai.
Na saki. Na sauka na kwance tanti,
ya mare ni sau biyu kafin ya yarda.

A gindin aduwa na gan shi,
mutum kamar rumbu, tsohuwar laya a damtse.
Nomau ne, da ya yi kokowa a shekarun baya,
gwiwa ta kā da shi, yanzu igiya yake sayarwa.
Ya ce nawa ne Tamaske?
Na dube shi daga wuya zuwa diddige,
na ce a raina: buhu guda, har da ɗori.
Na ce kyauta,
amma baya za ka zauna, kan ƙafar da iska ke ɗagawa.

Ya gane.
Ya yi dariya har ɗigon farko ya faɗa masa a baki.
Ya ce, shekara tara ba wanda ya nemi nauyina.

Muka tafi talatin-talatin.
In ta kawo hari, ina ganin sa a madubi:
ya buɗe ƙafa, ya sauke ƙugu, ya kama ƙarfe,
ruwa na bin gemunsa,
yana ce mata, zo mana, zo!
Ba kiɗa, ba alƙali, ba mai jefa dala,
sai geza da ke rusunawa hagu da dama.
Sau uku ta nemi ƙafarmu.
Sau uku ya mayar da ita ƙasa.

Mun shiga gari ana kiran isha,
igiyoyinsa sun jiƙe sharkaf.
Na miƙa kuɗin shayi, ya ture hannuna.

Yanzu buhun yashi biyu ke kwana a bayanta,
Arzika ya ce sun isa.
Sun isa ɗin.
Amma duk Lahadi yana nan gindin aduwa,
ko ganye ba ya motsi,
sai ya dubi gabas ya ce, yau ban yarda da ita ba.
Ni ma sai in duba, in ce haka ne,
hau.