Kiran Ƙarfe Goma

A Écija rana ba ta san girman tsoho ba.
Tun hantsi take lasar bango,
inuwar bishiyar lemo ta ɓuya a gindinta.

Ƙarfe goma, waya ta ɗau ƙara.
"Eulogio, daga ofishin magajin gari ne.
Ka sha ruwa?"
Remedios ce, yarinyar da ban taɓa gani ba.
Ina cikin takardarta,
na sha bakwai a jerin masu kwana su kaɗai.

Na ce na sha. Ƙarya nake.
Ta ce, "To ƙara, ina sauraron maƙogwaronka."
Na ɗaga kofi ina gunaguni.

Ran Laraba na faɗi tsakanin gado da ƙofa.
Waya ta yi kuka har ta gaji.
Kafin daɓe ya gama shanye ƙarfina
sai ga mutum biyu da mabuɗin maƙwabciya
da ƙanƙara cikin tawul.

'Ya'yana uku na Madrid, sai Kirsimeti.
Ba ƙorafi nake ba.
Amma yau tun tara da rabi
na cika kofi, na ja kujera kusa da waya,
na taje furfurata
sai ka ce za ta gan ni.