Tafireta a Ƙofar Kotun Jega

Shekara talatin da ɗaya ina gindin dalbejiyar nan,
ni da benci, da tafireta, da tawadar dangwale.
Duk wanda aka ci wa iyaka a fadama, nan yake fara sauke numfashi.
Alƙalai bakwai sun zo sun wuce,
inuwar ba ta gusa ba.

Bana sai ga Junaidu, ɗan ƙanwata,
ya kafa laima tsallaken titi, da waya, da injin gurza takarda.
Ka faɗa mata kukanka, kafin ka haɗiye yawu
ta zubo shafi biyu sumul, ba kankara, ba gyara.
Har lanƙwasar ƙa da ɗa, da nake bi da biro ina ɗora musu,
ita da abinta take zuwa.
Ƙirƙirarriyar basira, in ji shi.
Na ce, ɗiyar wa ce?
Ya yi dariya, bai amsa ba.

Na sayi waya ran kasuwar Juma'a,
na sa tabarau, na durƙusa gaban yaron da na yi wa huɗuba.
Mako uku ina koyon yadda ake tambayarta.
Ranar da na iya, ya ce, Kawu, ai wannan ta tsufa,
wata ta fito daren jiya, tana zana fuska, tana magana.
Mai bin Gulbin Gindi da ƙafa tsakar damina,
ko jikan sarkin ruwa ne,
ba zai kama wutsiyarsa ba.

In faɗi gaskiya, ko da ta ƙwace mini tuwo:
Nomau ya nuna mata ganyen shinkafarsa da ya yi ja,
ta kira sunan cutar, ta faɗi magani,
gonar ba ta mutu ba.

Amma Cindo mai albasa ya zo mini daga Aliero
da hula a hannu.
Muryar ɗansa ce ta kira shi da asuba,
har da in'inar da yaron ke yi in ya tsorata:
Baba, an tsare mota, turo kuɗi.
Ya tura kuɗin buhu arba'in.
Yaron kuwa yana tasha yana shan kunu, bai san ana yi ba.
Na zura takarda, na buga kwanan wata,
na buga sunan mai ƙara.
Layin wanda ake ƙara
har yau ban cike shi ba.

Ran Laraba Tumba ta tsallako da takardar Junaidu.
Na karanta mata. Kyakkyawa. An ce iyakarta bishiya ce.
Ta ce, wace bishiya?
Giginyar da tsawa ta fasa shekarar da ruwa ya ci gada,
marigayi ya binne tsohon dutsen niƙa a gindinta.
Nan ta tsaya. Ta ja mayafi.
Na ɗage yatsuna, na bar ta.
Rabin shaida cikin irin wannan shirun take kwana,
wayar kuwa, in ka yi shiru, ɗauka take ka gama,
ba ta iya jira ba.

Yanzu Junaidu kan turo mini tsofaffi,
ni in turo masa masu sauri. Nasa layin ya fi tsawo.
Jiya bayan Isha na tambaye ta,
ina makomar irinmu?
Ta jero shawara bakwai, cikin ladabi.
Ta huɗu ta ce in koyi sabuwar sana'a.
Na kife ta a tabarma,
na ɗauko man keke na ɗiga wa tafireta.
Harafin ra yana maƙalewa tun bara,
mai gyaran ya rasu,
ban gaya wa kowa ba.