Daƙiƙa Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin majigi
a wani tsohon silima bayan tashar jiragen ruwan Montevideo,
inda bango ke gumi in sanyi ya kankama,
kujeru na ƙara kamar gwiwar tsoho.
Na haska yaƙi, na haska soyayya, na haska ɓarayin banki,
amma in aka ce, Amílcar, wanne ka fi so?
sai in ce a ba ni wanda aka ɗauko daga dandamali,
daren da makaɗa suka saki jiki
ba su san wane minti ne zai rayu bayansu ba.

Faifai fes yake, na sani,
an wanke shi, an tsince tari da tuntuɓe.
Ni kuwa tuntuɓen nake jira:
tsirkiyar jita ta tsinke ana tsakiyar baiti,
mai ita ya dubi yatsansa, ya murmusa, ya ci gaba da biyar.
Mai ganga ya ɗaga gira kawai,
sauran suka gane an sake hanya, ba wanda ya ce uffan.
Gumi ya taru a haɓar mawaƙiya,
ya yi jinkiri, ya yi jinkiri,
kana ya faɗo daidai kan kiɗa.
Wanda ya sayi tikiti a daren bai ga wannan ba,
ƙeyar wani dogo ta tare shi.
Kyamara ce ta durƙusa ta tsinto mana.

Akwai guda da nake sawa duk watan Yuli.
Launinsa ya koɗe,
sautin na shaƙewa wajen minti na arba'in.
Makaɗan unguwa ne da gangunansu uku
da aka gasa fatunsu a bakin wuta kafin a hau.
Mutum goma sha biyu ke zuwa, in an yi sa'a.

Cikinsu har da Zulema,
layi na tara, kujerar gefe,
da butar ruwan zafinta a hammata.
Ba ta tafi, ba ta kaɗa kai.
A minti na hamsin da biyu
kyamara ta gaji da dandamali, ta waiwayo cikin taro:
ga wani mai hula a karkace, baki buɗe,
yana rera abin da bai iya ba da iyakar ƙarfinsa,
hannunsa kan kafaɗar wani da allo bai ɗauko ba.
Daƙiƙa huɗu. Shi ke nan.

Kafaɗata ce, ta ce min wata rana a bakin ƙofa.
Eleuterio ke nan. Ko a gida haka yake ɓata waƙa.

Bara waccan zaren ya tsinke,
kuma bai tashi tsinkewa ba sai a kan hular.
Na kwana da almakashi da gam,
na yanke hoto shida da suka tauye, na liƙe,
na ce wa raina, shida cikin kusan ɗari, wa zai lura?

Da aka kunna fitilu ta ɗago kai
ta dubi 'yar tagar da haskena ke fita.
Yau ya yi saurin tafiya, ta ce.

Tun daga ranar, in mintin ya matso,
nakan ɗora babban yatsa a gefen faifan majigi
in danne kaɗan, kamar mai jin bugun jini.
Gangunan su yi nauyi, muryar ta ɗan nutse,
mutum goma sha ɗaya su zaci tsufan na'ura ne.
Shi kuwa ya daɗa jimawa, baki buɗe,
hannunsa na nan inda ya ajiye shi,
a layi na tara kuma
wata kafaɗa ta ɗan sunkuya.