Inda Tasalla Ta Kwana

Shekara talatin da biyu na yi
ina koyar da labarin ƙasa a bayan Gangare,
in zana teku da alli,
in goge ta da tsumma kafin a kaɗa ƙararrawa.
Ban taɓa ganinta ba.
Ruwa mafi faɗi da idona ya sani
shi ne tafkin kuza na hanyar Bukuru,
ramin da masu haƙa suka bari, damina ta gada.

Can na kai Tasalla tana da shekara bakwai.
Na ce, tsaya nesa, ruwan nan ba shi da gindi.
Ta yage bakin ɗankwalinta,
ta soke a tsinke, ta kafa a sakaina,
iska ta karɓa ta haye da ita.
Muka dawo gida, uwarta na faɗan ɗankwali,
ni ina dariya.
Ashe ni aka yi wa aron ido.

Yau wata tara ke nan.
Su shida ne a jirgin da tsawonsa bai kai zaurenmu biyu ba,
sai itace ɗaya a tsaye da ƙyalle,
sun ce za su zagaye duniya su dawo inda suka kwance igiya.
Ni kuwa ina da ƙwallon taswira
da na taho da shi ranar sallama daga aiki.
Duk saƙon da ya shigo, sai in matsar da fil.
Davou maƙwabcina ya leƙo ta katanga:
Malam, ina yarinyar ta kwana?
In juya ƙwallon, in ɗora yatsa a kan shuɗi.
Ya ce, ai nan babu gari.
In ce, babu.

Wani mako ta ce sun kwanta Talata sun tashi Alhamis.
Gambo ta ajiye tankaɗen acca:
wa ya cinye mata Laraba?
Na ɗauko lemo da fitila zan yi bayani,
ta ce in riƙe iliminsa,
a dai dawo mata da 'yarta da kwanakinta cif.

Sai shiru.
Kwana goma sha ɗaya fil bai motsa ba.
Ƙanƙara ta sauko a kan kwano kamar ana jifa,
na kasa cin gwate, na kasa rufa da bargo,
don wani na cikin ruwa.
Duk abin da na taɓa koyarwa game da guguwa
ya dawo da dare yana karanta mini kansa,
har da lambar shafi.

Ran na sha biyu, bayan asuba, waya ta yi ƙara.
Iska ta cinye rabin muryar.
Baba, ƙyallen ya yage mun ɗinke.
Baba, ka yi kuskure a aji,
teku ba shuɗiya ba ce kullum,
wata ran toka ce, wata ran kamar bayan tukunya.
Sannan ka duba mini alƙibla,
ina jin ta sauya.

Na warware zare daga keken uwarta,
na kafa baki ɗaya a Makka, ɗayan a kan fil.
Hannuna na rawa.
Tun da ta tashi, alƙibla na bayanta.
Yau ta koma gabanta.

Na zauna da zaren a hannu har rana ta hau Dutsen Shere.
Na sha faɗa wa yara duniya dunƙule take,
su rubuta, in ba su maki.
Sai yau na ji ta a tafin hannuna:
yarinyar ba ta juyo ba,
ba ta ma waiwayo ba,
amma daga nan, duk nisan da ta ƙara,
Jos take zuwa.