Lambatun Taisto

Mahaifina Taisto ya haƙa su tun ban iya tafiya ba,
lambatu goma sha ɗaya, miƙe kamar layin littafi,
daga bakin titin Pudasjärvi har tafki.
Hukuma ce ta ce a haƙa, har da lada.
Fadama ba ta ciyar da gida, in ji su,
ku tatse ta, itace zai tashi.

Ya kuwa tashi.
Da kuɗinsa aka yi mana rufi,
aka kai Eelis karatu Oulu.
Don haka kada wanda ya zo min da zagin mamaci.

Amma bara na durƙusa gindin wani tsohon itace,
na ga saiwarsa a waje, tsirara, kamar yatsun tsohuwa.
Ƙasar ta nutse kamu guda.
Ba wanda ya ɗebe ta. Iska ce ta ci,
yadda tsatsa ke cin ƙusa:
gansakukar shekara dubu biyar
tana ficewa, ba hayaƙi, ba ƙara.
Tafkin ya koma ruwan shayi,
ragar maƙwabciyata Aune sai dauɗa take kamawa.

Mutum uku suka zo, kowa da takardarsa.
Na farko ya ce a aske dajin ƙwal,
a yashe lambatu, a dasa sabo.
Ya rubuta kuɗin a bayan ambulan.
Eelis ya daɗe yana kallon ambulan ɗin.

Ta biyu yarinya ce, da bututun awo a jaka.
Ta ce, cire manya ɗaiɗai, bar saura tsaye.
Itace ma famfo ne, da rani yana zuƙe ruwa;
in kin bar isassu, ba sai katafila ta dawo ba,
ƙanana kuma su taso a inuwar iyayensu.

Na uku bai tanka ba sai da muka kai gefen arewa,
inda itacen shekara hamsin bai fi ƙotar fartanya kauri ba.
Ya ce, nan kam fadama ta ƙi.
Mayar mata da ruwanta.

Ban runtsa ba. Watan Yuni ne,
rana ta ƙi faɗuwa, sauro kamar an yi gayya.
Eelis na da bashin banki.
Ni ina da gwiwa mai ciwo, da jika
wadda ba ta taɓa tsinkar hilla a dajinmu ba,
'ya'yan fadaman nan masu launin zuma.

Muka raba dajin, ba don mun gamsu ba.
Da sanyi ya daskarar da kudu,
mota ta bi ta kan ƙanƙara,
ta kwashe waɗanda na ɗaura wa jan ƙyalle,
ta fita ba ta yaga ƙasa ba.
A tsakiya aka watsa tokar itace, ko sa murmure.
Kuɗin bai kai na bayan ambulan ba.
Eelis bai kira ni ba har Ista.

Arewa kuwa da kaina na je,
da shebur ɗin Taisto, wanda tafinsa ya goge wa ƙota har ta yi santsi.
Na jera gungume a lambatu na tara,
na cusa laka, na tattake.
Na ce, Baba, ba ƙaryata ka nake ba.

Da ƙanƙara ta narke, ruwa ya zo, ya rasa hanya, ya bazu.
Siraran itatuwan suka yi ja, suka mutu a tsaye.
Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba.
Yarinyar ta ce fadama za ta yi ta gyatsa
wasu shekaru kafin ta lafa,
kuma ba ni zan ga ƙarshen lissafin ba.

Jiya dai na zura sanda a bututun:
ruwa taƙi ɗaya ƙarƙashin takalmina.
Gauraki biyu sun sauka a lambatu na goma,
suna taka shi
kamar ba a taɓa ja masa layi ba.