Tsohuwar Kan Tebur

Da asuba nake danna ta,
in tafi masallaci in dawo
in tarar tana miƙa
kamar mai ciwon baya.
Ruwan shayi ya tafasa, ya huce,
sannan ta buɗe ido ta gane ni.

Shekara goma sha ɗaya muna tare
a ɗakin nan na Gwammaja.
Ranar da na saye ta a titin Beirut
a cinya na rungumo ta cikin adaidaita sahu,
duk ramin da muka faɗa, ni na sha.
Da ita na buga katin walimar saukar Rumasa'u,
da ita nake lissafin shagon yadi,
ta san wanda ya biya,
ta san wanda ke sauya hanya in ya hango ni.

Yau Rumasa'un ce ke cewa,
"Baba, wannan ta ci zamaninta
tana cin na wasu.
Wayar hannuna ta fi ta sauri."
Na ce, ke ma kin fi ni sauri,
wa ya kai ni kasuwa?

Amma gaskiya ɗaya ce.
Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe,
in na buɗe shafi uku ta toge
kamar jakin da ya ga gada,
ba lallashi, ba bulala.

Ran Asabar na kai ta wurin Tasi'u.
Ya kwance mata ciki, ya leƙa,
ya zaro wani abu a bakin sukundireba.
"Malam, ga yanar gizo nan ta ainihi,
har da mai gidan."
Ya ce ko dai a ƙara mata ƙwaƙwalwa
ta ja shekara biyu tana ɗingishi,
ko in ɗauki tokunbo, sa'a ce,
ko kuwa sabuwa dal a kwali.
Ya rubuta kuɗin a bayan rasit.
Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Sifilin bai ragu ba.

Na ce bari in jira dala ta sauka.
Ya nuna mini yamma da haɓa:
"Tun da kake a garin nan,
ka taɓa ganin Dala ta sauka?"

Na dawo ina lissafi da yatsu.
Kwanon ɗakin baya na yoyo
ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.
Kuɗin makaranta na bakin ƙofa.
Adashi sai Sha'aban zan kwasa.
Wuta kuma awa huɗu ce in an yi mana karamci,
da sabuwa da tsohuwa
duk a duhu ɗaya suke kwana.

Daren nan aka kawo wuta,
yaran layi suka yi shewa.
Na kunna ta, na jira, na jira,
na shiga wani lungu da na manta.
Sai ga muryar Inna,
tana jero sunayen kakanninmu
tana tari tsakanin suna da suna,
tana tambaya, "Abin yana ɗauka kuwa?"

Tasi'u ya ce minti goma ne
a kwashe komai a zuba a filashi.
Na sani.
Ba murya ce ba ta ƙaura,
ni ne.

Litinin na sayi filashin,
na sa aka ƙara mata ƙwaƙwalwa,
na biya rabi, rabi sai ƙarshen wata.
Sabuwa sai bayan damina,
in rufi ya bari,
in Rumasa'u ta samu gurbin karatu
ta buƙaci abin da wannan ba za ta iya ba.

Yanzu kafin in sa takalmi ta farka.
In dawo daga masallaci in same ta
ido buɗe, tana jirana.
Ruwan shayi ko ɗumi bai yi ba.
Sai in zauna a gabanta
in rasa yadda zan yi
da mintunan nan da ta maido mini.