Usur a Ledar Goro

Daren Laraba, injin markaɗen Uwale ya yi shiru.
Na baje takardu uku a kan buhun taki a shagona,
fitilar caji tana haki,
ni ma haka.

Ƙungiyarmu ta hau rukunin da ake biyan albashi.
Malam Ilu da ya kai mu can ya ce gwiwa ta ƙi,
ya miƙo mini usur a ledar goro,
ya ce, "Manaja, nemo mai hurawa."

Na farko daga Kano ya zo, kwamfuta a hammata,
takardar shaidarsa har da hatimi mai ruwan zinare.
Ya zana mini huɗu-uku-uku da ɗan yatsa a gilashi,
na ga ilimi, ban musa ba.
Na kai shi filinmu na bayan firamare
inda ruwan Agusta kan yi sati biyu kwance a ragar gabas.
Ya dubi kashin shanu, ya dubi takalminsa,
ya ce ina ɗakin sauya kaya.
Na nuna masa gindin tsamiya.

Na biyu, kafin ya iso waya ta riga shi:
"Ɗan ƙanwata ne. Ka dai san wa ya ɗinka rigunan bara."
Na sani mana.
Sunan mai wayar na bayan kowace riga,
ya fi lambar ɗan wasa girma.
Mun ci ladan kuturu, ga aska an miƙo mini.

Na uku Tasi'u ne mai faci,
da ya tsare mana baya shekara tara
kafin ƙafarsa ta karye a Gumel.
Takardarsa rabin shafi, da jan biro,
da shatin yatsa na baƙin mai a gefe.

Ban yi musu tambayar ofis ba.
Ran Asabar 'yan Taura suka zo wasan sada zumunci,
na jera su ukun a benci guda,
aka zura mana huɗu.
Golanmu Nafi'u, ɗan sha tara,
ya zauna cikin raga yana cizon safar hannu.

Na birni ya ce, "A sallame shi."
Ɗan ƙanwa na danna waya, ko ta ukun bai gani ba.
Tasi'u ya miƙe, ya ratsa fili da ɗingishinsa,
ya tsuguna gaban yaron.
Ban ji abin da ya faɗa ba.
Da ya dawo ya ce,
"Tun asuba yake yankan shinkafa a fadamar wani.
Idonsa lafiya lau, cikinsa ne babu komai.
Lamba biyar ɗinka kuma ba ya yi masa magana
tun rigimar kuɗin adashe.
Gyara wannan, biyu ba za su shiga ba."
Na ce, "Sauran biyun fa?"
Ya ce, "Waɗannan, fin mu iyawa aka yi."

To, ga ni da takardu.
Na san baɗi ba mai ɗinka mana riga.
Na san akwai abin da ke cikin kwamfutar nan
da Tasi'u zai tsufa bai sani ba.
In aka ci mu sau uku a jere,
a teburin mai shayi da sunana za a dangwali burodi.
Kuma wanda na ɗauka yau,
wata rana ni ne zan je har gida in ce ya ajiye.
Tare muka yi kiwon awaki da shi.
Wannan ce ta hana ni barci, ba rigunan ba.

Da hantsi na same shi bakin tasha,
ya danna tub a bahon ruwa yana neman inda ke huci.
Na ɗora ledar goron a kan famfonsa.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Nawa ne albashin?"
Na faɗa.
Ya yi dariya har kumfar ta ɓace masa.
Ya ce, "Akwai kuɗin abincin yara kafin wasa?"
Na ce zan nemo.
Ya ce, "To bari in gama da tayar bawan Allahn nan."